Babi na Bakwai: Tallan da Ya Shigo Ba Sallama

"Wannan wasan da yaran nan suke wuni suna bugawa a waya, an ce mini kyauta ne. To, masu shi da me suke cin abinci?"

Wani dattijo maƙwabcina ne ya tare ni da wannan tambaya wata ranar Juma'a bayan la'asar, jikansa na gefen tabarma ya duƙufa a kan wayar babansa. Dattijon ya shekara 40 yana sayar da yadi a Kantin Kwari, saboda haka tambayarsa ta ɗan kasuwa ce. Ya san babu mai biyan hayar shago, ya zuba kaya, ya ɗauki yara, sannan ya ce kowa ya zo ya ɗiba. Na ce masa, "Baba, ai talla ne yake riƙe da su." Ya dube ni ya ce, "Wannan ɗan hoton da ke fitowa, yaron ya danna ya wuce? Shi ne zai riƙe kamfani?"

Na ce masa e, kuma ban yi ƙarya ba. Sai dai rabin amsa na ba shi. Tallan da ya ga yana fitowa shi ne ƙaramin cikin gidan. Akwai babban wansa, wanda ba ya fitowa balle a danna shi ya wuce, domin shi ne rigar da ɗan wasa ya saka, shi ne motar da yake tuƙawa, wani lokacin ma shi ne garin da ake wasan a cikinsa.

Mai sallama

'Yar talla idan ta shigo layi, muryarta ke riga ta isowa. Kowa ya san abin da ya kawo ta: mai so ya kira ta, marar so ya ci gaba da sabgarsa. Haka tallan rediyo yake, sai an tsayar da shiri an ce ga saƙo daga masu ɗaukar nauyi. Irin wannan nake kira talla mai sallama, kuma shi ne ya cika wasannin waya na kyauta.

Abin da mai wasa yake samu a kan kallo ɗaya bai taka kara ya karya ba, amma da yayyafi kogi kan cika. A 2013 wani matashi a birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam, Dong Nguyen, ya ƙirƙiri Flappy Bird shi kaɗai, wasan wani ɗan tsuntsu da ake ratsawa da shi tsakanin bututai. Babu abin saye a cikinsa, sai ɗan siririn talla a gefen allo. A farkon 2014, da wasan ya game duniya, ya shaida wa 'yan jarida cewa tallan yana kawo masa kimanin dala 50,000 a kowace rana. A watan Fabrairun shekarar ya janye wasan da kansa, ya ce mutane sun kamu da shi fiye da kima.

Daga baya masu wasanni suka ƙware a wata dabara. An kashe ka a mataki na 20, sai a ce ka kalli bidiyon sakan 30 a mayar maka da ranka ka ci gaba daga inda ka tsaya. Wannan ciniki ne a fili, kuma ba ni da ja a kansa: ka ba da lokacinka da datarka, an ba ka wasa. Damuwata ɗaya ce, kuma mu ta fi shafa. A yawancin gidajenmu yaro ba shi da wayar kansa, ta uba ko ta uwa ko ta yaya yake ara. Na'urar da ke rarraba talla kuwa mai wayar ta sani, ba ta san wanda ke riƙe da ita ba. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara 8 yana jiran a mayar masa da ransa, ana nuna masa tallan caca ko na manhajar ba da rance. Yaran ma da kansu sun gano wani magani, su kashe data kafin su fara.

Allunan bakin titi

Marar sallamar ya girmi wasannin waya nesa ba kusa ba. A 1982 kamfanin Namco na Japan ya fito da Pole Position, wasan tseren mota irin na babban akwatin da ake jefa wa tsabar kuɗi. A bakin titin tseren an kafa alluna masu sunayen kamfanoni na gaske, har da Pepsi da tabar Marlboro. A 1983 aka yi Tapper a Amurka, inda ɗan wasa yake zama ma'aikacin mashaya yana zuba wa mutane giyar Budweiser, ga tambarin kamfanin ɓaro-ɓaro a bango. Da aka yi ƙorafin cewa yara na bugawa, sai a 1984 aka sake fito da shi, aka mayar da giyar wani lemo marar barasa. Tun ran gini tun ran zane: gardamar da ake yi yau a kan yara, da ita aka soma.

Wasan ƙwallon FIFA na farko, na 1993, ya zo da allunan Adidas da Panasonic a gefen fili, kuma ba su zame wa kowa baƙi ba. Filin ƙwallo na gaske haka yake. Da an bar gefen filin wayam, shi ne zai yi wa ido banbarakwai. Ta wannan ƙofar tallan ya shigo, ƙofar son abin ya yi kama da gaske, kuma har yau ba a rufe ta ba.

Bangon da ke sake fenti da kansa

A zamanin kaset da faifai, tallan cikin wasa kamar fentin bango yake, abin da aka rubuta ranar farko shi zai zauna har faifan ya karce. Da na'urorin wasa suka hau intanet, sai ya zama ana iya sauya abin da ke kan allon daga nesa, yau wannan kamfani, gobe wancan, mutumin wannan gari ya ga wani abu, na wancan ya ga wani. A daidai lokacin masu talla a Amurka suna kukan cewa samari sun rage zama gaban talabijin. Sai suka bi su inda suka koma. A 2006 Microsoft ta sayi Massive, kamfanin da sana'arsa ke nan, a kan kuɗin da jaridu suka ƙiyasta tsakanin dala miliyan 200 zuwa 400.

A watan Oktoban 2008, masu buga wasan tseren mota na Burnout Paradise a na'urar Xbox 360 a jihohi 10 na Amurka suka fara cin karo da fuskar Barack Obama a allunan bakin titi, ana tuna musu cewa an buɗe jefa ƙuri'ar wuri. Dala 44,000 da 'yan kai ofishin yaƙin neman zaɓensa ya biya Massive. Ɗan wasan da ke wata jihar da ba a zaɓa ba, ya bi ta titin nan, amma wani abu daban ya gani.

Akwai abin da ya kamata a fahimta a nan. Mai allon talla a shataletale ba ya iya sanin wa ya ɗaga kai ya kalla. Allon cikin wasa kuwa yana sane da kai. Wasan ya san sakan nawa allon ya yi a gabanka, girmansa nawa a fuskar na'urarka, ta gaba ka fuskance shi ko ta gefe. Ƙa'idar da masu talla suka amince da ita a 2009 ta ce sai allon ya tara sakan 10 a idon ɗan wasa kafin a lissafa an gani. Tun a 2006 masu sayen wasan Battlefield 2142 suka tarar da wata takarda a cikin kwalin, tana sanar da su cewa za a riƙa ɗaukar adireshin intanet ɗinsu saboda talla, abin da ya tayar da ƙura a lokacin. Massive dai ba ta yi tsawon rai ba, an rufe ta a 2010, bayan manyan masu wasanni irin su EA, mai wasan FIFA, sun ga gara su sayar da filin tallansu da kansu. Shagon ne ya rufe, sana'ar tana nan.

Abin da aka damƙa maka a hannu

Masu kallon finafinan Hausa sun san yadda jarumi zai zauna shan shayi, gwangwanin madara ya juyo da fuskarsa ga kyamara. Ko a nan ma, kai ɗan kallo ne. Jarumin ne ya sha shayin.

A wasan bidiyo kai ne jarumin, kuma a nan duk bambancin yake. A Crazy Taxi na kamfanin Sega, na 1999, fasinja zai faɗa motarka ya ce ka kai shi KFC ko Pizza Hut, agogo na tafiya. Kai da kanka za ka riƙa baza ido kana neman tambarin, idan ka hango shi ka ji sanyi a ranka. A Alan Wake na 2010, wanda kamfanin Remedy na ƙasar Finland ya yi, duhu ne abokin gaba, tocila ce makami. Duk wanda aka taɓa ɗauke wa wuta cikin dare tocilarsa na lumshewa ya san wannan fargabar. Kana cikin daji, dodanni sun taso, haske na mutuwa, sai ka tsinci batir a wata rumfa, a jikinsa an rubuta Energizer. A Death Stranding na 2019, jarumin ɗan dako ne mai ratsa duwatsu da kaya a bayansa, idan ya galabaita gwangwanin Monster Energy yake sha ƙarfinsa ya dawo.

Ba wanda ya tsayar da kai ya ce batirin nan yana da ƙarko. An bar ka ne ka ji tsoro, sannan aka cece ka da shi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Michigan, Robert Zajonc, ya riƙa nuna wa mutane kalmomi marasa ma'ana da hotunan fuskokin da ba su sani ba, wasu sau kaɗan, wasu sau da yawa. Da aka tambaye su, waɗanda suka fi gani su suka fi kwanta musu a rai, ba tare da wani dalili ba. Bahaushe ya riga shi da ya ce sabo turken wawa. Tallan talabijin sakan 30 ne. Wasa ɗaya kuwa yakan ci awa 30 ko 40, na ƙwallo ma shekara guda ake yi ana bugawa.

Dabarar Stevenage

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem zai gane wannan labarin. Stevenage ƙaramin gari ne arewa da Landan, a kakar 2019 zuwa 2020 ƙungiyar ƙwallonsa tana rukuni na huɗu a Ingila, kuma can ƙasan teburi take. Sai ga Burger King, kamfanin abinci mai rassa a faɗin duniya, ya zo ya ɗauki nauyin rigarta. Me babban kamfani zai tsinta a ƙirjin ƙungiyar da 'yan kallonta 'yan dubbai ne?

Abin da suka hango shi ne, wasan FIFA yana ɗauke da ƙungiyoyin Ingila har zuwa rukuni na huɗu, kowace da rigarta ta gaske da tambarin da ke ƙirjinta. Ke nan da kuɗin ɗaukar nauyin ƙaramar ƙungiya sun sayi gurbi a FIFA 20. Daga nan suka yi shela: ka ɗauki Stevenage, ka sayo mata manyan 'yan wasa, ka ci ƙwallo, ka saka bidiyon a Twitter, a ba ka abinci kyauta. Aka wayi gari Messi da Neymar da Mbappé suna zura ƙwallaye da tambarin Burger King a ƙirji, alhali kamfanin bai biya ko ɗayansu sisi ba. An yaɗa ƙwallaye sama da 25,000, rigunan ƙungiyar na gaske suka ƙare a shagonta karon farko a tarihinta, dabarar kuma ta ci manyan kyaututtuka a bikin masu talla na Cannes a Faransa a 2021.

Ina yaba wannan basira, kuma ina murna da abin da ƙaramar ƙungiya ta samu. Amma a duba wa ya yi aikin. 'Yan wasa ne suka shirya tallan, su suka ɗauke shi, su suka raba wa abokansu. Abokin da ya ga bidiyon kuwa ƙwallon abokinsa ya gani, bai san an yi masa talla ba.

Wa ke biyan wa?

Ba kullum mai kaya ke biyan mai wasa ba. Sau da yawa akasin haka ne. Tsofaffin masu buga wasan ƙwallo na PES sun tuna Man Red da North London, sunayen da Konami, mai wasan, ta raɗa wa Manchester United da Arsenal a shekarun da ba ta da izinin sunayensu na gaske. A 2019 abin ya juya, Konami ta ƙulla da Juventus ita kaɗai, sai FIFA 20 ta koma kiran ƙungiyar Piemonte Calcio. Sunan FIFA kansa haya ne: jaridu sun ruwaito EA tana biyan hukumar ƙwallon duniya kimanin dala miliyan 150 a shekara, har suka raba gari, wasan ya koma EA Sports FC a 2023. Mu da kanmu muke raina wasan da ba shi da riguna na gaske. Tallan ya zama kayan da muke biya a kawo mana.

A kan riga da takalmi wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. A kan bindiga kuwa, magana ta canza. Shekaru da dama wasannin yaƙi suna ɗauke da bindigogi na gaske, da sunansu da ƙirarsu, bisa yarjejeniya da masu ƙera su. A watan Disamban 2012 wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut ya kashe yara 20 da ma'aikata 6. Iyalan wasu daga cikinsu suka kai ƙarar Remington, kamfanin da ke da alaƙa da bindigar, a kan yadda yake tallan makamansa, aka sasanta a 2022 a kan dala miliyan 73. Takardun cikin gida na kamfanin da suka fito fili a 2023 sun nuna ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin wasanni na Activision aka saka wata bindigarsa mai suna ACR a Call of Duty: Modern Warfare 2 na 2009. Ba kuɗi aka yi musaya ba. Abin da kamfanin yake nema shi ne matasan birni, waɗanda ba su tashi da farauta ba, su san sunansa tun kafin su kai shekarun saye.

Ba ina cewa wasa ne yake sa mutum kisa ba, miliyoyi suna bugawa suna kwana lafiya. Abin da nake cewa, mai ƙera makami ya dubi wasan da samari ke bugawa ya ga shagon baje koli, kuma babu wanda ya gaya wa samarin ko iyayensu. A 2013 EA ta sanar da daina ƙulla irin wannan yarjejeniya da masu ƙera bindiga, amma ta ce bindigogin za su ci gaba da fitowa a wasanninta.

Inda aka ce a'a

Masu wasa ba sa haɗiye komai. A watan Satumban 2020 EA ta cusa tallan wani shirin Amazon a tsakiyar dambe a UFC 4, wasan da mutane suka saya dala 60. Aka yi mata ca, cikin 'yan kwanaki ta cire ta ba da haƙuri. Wata guda bayan haka wasan ƙwallon kwando na NBA 2K21 ya sha irin wannan suka a kan tallan da ba a iya tsallakewa. Hujjarsu mai ƙarfi ce: wanda ya biya kuɗin mota ba a ce masa ya sauko ya tura. Sai dai abin lura, mai sallamar suka kora. Tamburan da ke kan riguna da takalma da tabarmar dambe suna nan, ba wanda ya ɗaga musu murya.

Idan garin kansa talla ne

A wasannin intanet irin su Fortnite da Roblox an wuce batun allo ko gwangwani. A watan Afrilun 2020 mutum miliyan 12.3 suka hallara lokaci guda a cikin Fortnite don kallon wasan mawaƙi Travis Scott, ana sayar da siffarsa da kayansa a gefe. A 2021 Nike ta gina gari sukutum a Roblox mai suna Nikeland, da filayen tsere da ɗakin gwada kaya. A shekarar ce kuma aka sake sayar da wata jakar Gucci ta cikin Roblox, wadda hoto ce kawai, a kan kimanin dala 4,100, fiye da kuɗin ta fata da ake ratayawa a kafaɗa.

Babba yana iya shiga irin wannan gari ya san shagon wani ya shiga. Yaro ɗan shekara 7 filin wasa ya gani, da abokai, da kyaututtuka. Babu inda shiri ya tsaya aka ce ga saƙo daga masu ɗaukar nauyi, domin shirin da saƙon abu ɗaya ne. A kan haka wata ƙungiyar sa ido a Amurka, Truth in Advertising, ta kai ƙorafin Roblox gaban hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar a watan Afrilun 2022, daga baya kamfanin ya fito da ƙa'idar hana nuna talla ga 'yan ƙasa da shekara 13. A ganina mafi ƙarancin haƙƙin yaro shi ne a rubuta masa a bakin ƙofa cewa nan gidan talla ne, da harshen da zai gane. Kafin a kai ga haka, aikin ya rage ga wanda ya ara masa wayar, ya zauna kusa da shi ko da sau ɗaya, ya nuna tambarin ya tambaye shi: wannan na waye, kuma me ya sa aka ajiye shi a nan?

Bayan 'yan makonni dattijon nan ya sake kirana. Wannan karon jikan nasa kuɗi ya roƙa, zai sayi riga. Dattijon ya ce a je kasuwa, yadi ai ba baƙonsa ba ne. Yaron ya ce ba irin wannan ba, ta cikin wasa yake nufi. Irin wannan sayayyar ba ƙaramar harka ba ce: a watan Disamban 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, miliyan 245 daga ciki don mayar wa mutanen da aka ja su ga sayayyar da ba su yi niyya ba. Yadda ake gina shago a cikin wasa, da kuɗin boge da ake canza na gaske da su, da akwatunan sa'a da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, su za mu buɗe a babi na gaba.